Kaset Ɗin Mustapha Daga Ingila

Salamu alaikum, 'yan uwa. Kwana goma sha ɗaya ban rubuta komai ba, na kuma ga masu tambaya ko lafiya. Lafiyar ke nan. Ranar Talatar da ta wuce aka yi sadakar bakwai ta Mustapha. Ban je ba, don ba ni da sunan da zan shiga gidan da shi. Ni ba matarsa ba, ni ba 'yar uwarsa ba. A ɗakina na zauna na yi masa abin da ya sawwaƙa na addu'a. Yau zan gaya muku yadda aka yi ban zama matarsa ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Asama'u. A Kwarbai aka haife ni, cikin birnin Zariya. Mahaifina Malam Shehu ɗinkin babbar riga yake yi da hannu, mutum ne da za ka wuni tare da shi ba ka ji kalma goma ba. Mustapha ɗan Ƙofar Galadima ne, yana aiki a wani wurin binciken irin shuka a bayan gari. An kawo gaisuwa, an karɓa, saura sa rana, sai wurin aikinsu suka tura shi Ingila kwas na shekara ɗaya. Ina da shekara goma sha tara a lokacin, kuma ni nake son abina, ba wanda ya ce in so shi.

Aji uku kawai na yi a firamare, ya kuma sani; rubutun nan sai daga baya na koya. Ranar da ya zo sallama ya ce, "Ba zan rubuto miki wasiƙa ba, kada ki kai wa wani ya karanta miki ya ji sirrinmu. Kaset zan aiko, ki ji ni da kunnenki."

Na ce, "In ka fara Turanci a ciki, zan ba awaki."

Ya yi dariya. Ni da shi duk mun manta wane gida nake. A gidanmu ko goro aka aiko wa budurwa sai ya bi ta zaure, manya sun gani.

Babba a zauren kuwa shi ne Baffa Jalo, yayan Malam. Shekara ashirin da biyu ya yi yana wa Turawa aiki a unguwarsu, ya fara da wanke kwano ya ƙare da ɗaukar tire a kulob ɗinsu. A duk Kwarbai in ana gardama a kan Bature, wurinsa ake zuwa a yanke. Yana cewa Ba'amurke surutu, Bajamushe aiki, amma Baturen Ingila kwalba. "Daga Litinin zuwa Juma'a mutum ne, ba ya ƙarya, ba ya makara. Ranar Asabar sai ka ce an canza shi a hanya." Yakan ba da labarin wanda ya yi fitsari a tukunyar fure, da wanda ya sa hular fitila a kai yana rawa a kan tebur, da yadda suke haɗa kafaɗa suna waƙa kamar shanu ana yanka su. Mutane su yi ta dariya. Shi ba ya dariya. Akwai tabo a girarsa ta hagu, wani ne ya jefe shi da kofin gilashi don ya ce an rufe kulob. "Da safe ya ce mini, gud monin Jalo, kamar ba a yi ba. Ni ma na ce gud monin sa. Ina da iyali."

A wannan shekarar kuma rediyo ya yi ta faɗin yadda 'yan kallon ƙwallo na Ingila suka tayar da faɗa a wata ƙasa har aka rasa rayuka da yawa. Baffa ya ɗaga rediyon sama ya ce wa mutanen zaure, "Da na faɗa kuna cewa tsufa ne."

Kaset ɗin ya iso mako biyu bayan ƙaramar Sallah. Wani abokin karatun Mustapha mai suna Abdullahi ne ya zo ganin gida, zai koma bayan kwana uku. Mahaifiyar Mustapha, Inna Sailuba, da kanta ta kawo shi a ƙulle cikin leda, tare da mayafi ruwan toka mai laushi da kwalbar turare. Ta ce wa Iyata, "Ga saƙon 'yata. Ni ma na so in ji, amma na ce ba nawa ba ne."

Iya ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, baƙuwa na fita ta aika da shi zaure.

Bayan la'asar aka aro rikodar mijin yayata, Yaya Talatu, aka sayo batir shida. An yi ruwa da safe, indararo bai gama ɗiga ba. Aka shimfiɗa tabarma a shigifa, Baffa da Malam suka zauna, mu mata muna bayan asabari. Ku yi mini dariya in kun so: wanka na yi, na sa atamfar Sallata koriya mai ganye, na ɗaura kallabi, na shafa turaren da ya aiko. Yaya Talatu ta dube ni ta ce, "Ke, ta cikin rikodar zai gan ki?"

Baffa ya danna.

Aka ɗan yi shuu, sai ga sallamarsa. Wata takwas rabon da in ji wannan muryar. Na matsa jikin asabari.

Ya fara da Baffa, kamar yadda ya kamata. Ya gaishe shi da iyali, ya tambayi ƙafarsa mai ciwo. Ya gai da Malam, ya gai da Iya, ya bi 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya har da jaririn Yaya Talatu da bai gani ba. Amma muryar ba yadda na san ta ba. A hankali take fita, tana ja, kamar harshensa ya yi nauyi. Yakan tsaya a tsakiyar magana ya haɗiyi abin da babu.

Ya ce, "Ku yi haƙuri da muryata, azumi ne. Nan azumi ba irin na gida ba ne. Yanzu haka ƙarfe tara saura, ga rana ina kallonta ta taga, ba ta faɗi ba."

Na ga Baffa ya ɗago kai ya kalli Malam.

Sai wani abu ya tashi a bayan muryarsa. Da farko kamar kasuwa daga nesa, can sai ya cika rikodar. Maza ne da yawa suna waƙa, suna buga ƙafa, ba daɗi ba tsari. Wani abu ya fashe, aka yi ihu, aka yi tafi. Aka fara dukan ƙofa kusa da shi, dam dam dam, wani mai ƙaton murya yana kiran, "Mosti! Mosti!" Sai Mustapha ya yi dariya. Ya amsa da Turanci, mai kiran ya ƙyalƙyale, suka yi ta yi na ɗan lokaci. Ƙofa ta rufu.

Ya dawo ya ce, "To. Yanzu saura Asama'u. Asama'u..."

Baffa ya danna, rikoda ta tsaya.

Ɗigar indararo kaɗai ake ji.

Baffa ya ce, "Shehu, ka san waƙar nan?"

Malam ya ce bai sani ba.

"Ni na san ta. Ba kalmomin ba, irin ta. Ba a yin ta sai an kai kwalba ta shida. Shekara ashirin da biyu ina wanke abin da ke biyo bayanta."

Malam ya ce, "Yaya, ba shi ke waƙar ba."

"Sun san sunansa. Har sun yanke masa shi kamar na kare. Ya yi musu dariya. Ka ji harshensa? Ni za a gaya wa harshen mai azumi? Sannan ka ji abin da ya ce. Turawan nan da bakinsu suke gaya mini ƙasarsu duhu ce, ƙarfe huɗu na yamma an kunna fitila, shi ya sa suke son tamu. Shi kuma yana ganin rana ƙarfe tara na dare. Wanda ya ga rana bayan isha'i, me ya sha?"

Daga bayan asabari Iya ta ce, "Inna lillahi."

Ban san lokacin da na ce, "Baffa, a ƙarasa mana," ba. Ban taɓa yin magana daga bayan asabari ba sai ranar.

Ya ce, "A ƙarasa me? In zauna mashayi ya yi wa 'yata zance a gabana?" Ya zare kaset ɗin ya sa a aljihun rigarsa.

Malam dai ya nemi a kira Abdullahi a ji ta bakinsa, wannan kam na shaide shi. Washegari da hantsi ya zo, siriri mai tabarau, ya cire takalmi tun daga waje ya durƙusa. Ni da Yaya Talatu muka laɓe.

Baffa ya ce, "Samari, tambaya huɗu zan yi maka, kada ka yi mini kwana. Ina Mustapha yake kwana?"

"Ɗaki ya kama a saman bene, Baba."

"Me ke ƙasa?"

Abdullahi ya gyara tabarau. Sannan ya ce, "Mashaya ce. Amma Baba, can ba kamar nan ba ne. Shi ne ɗakin da ya samu kusa da makaranta. Wasu ma da suka ga baƙin mutum sai su ce an riga an kama."

"Yana shiga ko ba ya shiga?"

"Matakalar ta ciki take. Dole sai ya ratsa."

"Sau nawa a rana?"

"Baba, wallahi ko ɗanɗanawa bai taɓa yi ba. Tare muke salla. Mai gidan ma tsohuwa ce, ita ba ta sha, sayarwa kawai take yi. Da azumi ita ke ajiye masa madara da burodi na sahur. Wanda kuka ji yana buga ƙofa wani bakanike ne, in ya sha sai ya hau ya ce lallai sai Mustapha ya sauko sun yi murna, ƙungiyarsu ta ci. Da dariya ake rabuwa da shi, in ka ɓata rai ne abin ke zama faɗa. Akwai masu sha har su faɗi a titi, ban musa ba. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu. Maganar rana kuwa gaskiya ce, da zafi ba ta faɗuwa sai an wuce ƙarfe tara, da sanyi kuma..."

Baffa ya ɗaga hannu. "Kai ma ka gan ta ke nan."

Wani a zauren ya yi dariya. Abdullahi ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Baffa ya ce, "Wata nawa ka yi a can? Takwas? Ni na ɗauki Bature a kafaɗa na kai shi gado tun ba a haife ka ba. Tsohuwa ba ta sha, sayarwa take yi! Ka ji wai. Tashi ka je, Allah ya yi maka albarka. Abokin ɓarawo ai ba a kiransa shaida."

Kafin azahar maganar ta zaga Kwarbai. Ban san wa ya fitar da ita ba. Na je kai niƙa, wata da muka yi allo tare ta toshe hanci ta ce, "Amaryar Ingila, wannan turaren ne ko na kwalba?" Matan wurin suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Ku bar ta, ita za ta riƙa cire masa takalmi." Na bar dawar a wurin na dawo gida.

Inna Sailuba ta zo da yamma, ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Ta zauna a bakin ƙofar Iya ta ƙi hawa tabarma.

"Ni na haife shi. Yaron da ko sigari bai taɓa riƙewa ba? Ku jira wata huɗu ya dawo, ku shinshina bakinsa da kanku."

Iya ta ce, "Yaya Sailuba, maganar tana hannun maza."

"Ke ba ki da baki a kan 'yarki?"

Iya ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Inna Sailuba ta juyo wurina.

"'Yata, ke kin yarda?"

A nan ne nake so ku saurare ni da kyau, don na daɗe ina ba da labarin nan ina cewa raba mu aka yi. Ba wanda ya doke ni. Ba wanda ya ce zai tsine mini. Malam ya kira ni bayan ta tafi, yana riƙe da allura bai ɗinka komai ba, ya ce, "In kin ce a jira, zan roƙi Yaya a jira." Haka ya ce, Allah ya ji ƙansa.

Amma dariyar nan ta Mustapha ta tsaya mini a rai. Ban san yana da wata dariya da Turanci ba. Na yi ta ganinsa a raina cikin jajayen mutane masu warin baki, sun rungume shi, yana tangaɗi. Ban taɓa ganin Baturen Ingila kusa ba, sai a mota. Duk abin da na sani a kansu daga bakin Baffa na ji shi, tun ina goye, kuma ban taɓa kama Baffa da ƙarya ba. Sannan ga matan injin niƙa. Ni da nake tafiya ina ɗaga kai don zan auri mai zuwa Ingila.

Na ce, "Malam, duk abin da Baffa ya gani."

Ya dube ni. Ya ce, "To."

Ranar da Abdullahi zai koma, da safe, Baffa ya sa aka sake aro rikodar. Ya ce ba za a rubuta takarda ba, kada yaron ya ce manya ne suka tilasta. Da kaset ya zo, da kaset za a mayar masa, kuma da muryata. A lokacin ba a sayen sabon kaset don amsa, a kan wanda aka aiko ake ɗaukar magana a mayar. Kowa haka yake yi.

Wannan karon a gabansu aka zaunar da ni. Tsohon zanen Iya ne a jikina, ko kwalli ban sa ba. Baffa ya fito da kaset ɗin daga aljihu ya saka.

Yaya Talatu ta ce daga ciki, "Baffa, ba a mayar da shi farko ba."

Ya ce, "Na sani. A nan na tsayar, a nan za ta fara. Ya ji gaisuwarsa, ya ji abokansa, sannan ya ji amsa."

Ya danna jan maɓalli da baƙi tare. Na ga zaren ya fara juyawa ta ɗan gilashin. Na san abin da ke kan zaren nan. Na san duk juyi ɗaya yana cinye maganar da ya yi mini, wadda ban ji ba. Hannuna yana kusa, da na miƙa da na tsayar. Ban miƙa ba.

Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Cewa mun ji saƙo. Cewa iyayena sun ga abin da ya fi, ni ma na gani. Cewa za a mayar da kayan gaisuwa gidansu, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ban iya kiran sunansa a gaban Malam ba, sai na ce "kai".

Baffa ya kai hannu zai tsayar, sai na ci gaba. Wannan ba wanda ya sa ni. Na ce, "Kuma kada ka ƙara kiran sunana da bakin da kake kiran nasu. Ka zauna da Turawanka ku sha ku ƙoshi."

Malam ya ce, "Ya isa."

Baffa ya tsayar. Ya ce bari a ji ko ta ɗauka, don batir ya yi sanyi. Ya ɗan mayar baya ya danna. Na ji wata yarinya mai tsiwa tana cewa ku sha ku ƙoshi. Na ji Malam ya ce ya isa. Aka yi ƙas.

Sai muryar Mustapha ta fito daga ƙarƙashin tawa, inda tawa ta ƙare. Babu waƙa yanzu, babu ihu, shiru ne a bayansa. Ya ce:

"...ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai ke. To kin ji. In kin yarda, ki ce mini i kawai, zan gane. Ga shi rana ta faɗi, bari in sha ruwa. Bismillahi."

Muka ji ƙarar kofi. Muka ji yana haɗiya, sau uku, irin ta mai ƙishi. Ya ce alhamdu lillahi, ya karanta addu'ar buɗe-baki tun daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba. Zaren ya ci gaba da juyawa ba komai a kansa.

Malam ya kalli Baffa. Baffa yana kallon rikoda, yatsansa a kan tabon girarsa.

Na ce, "Baffa, me ya ce? A mayar baya."

Yaya Talatu ta fito ba ko mayafi, ta mayar da zaren, ta danna. Muryata ce. Ta ƙara mayarwa. Muryata ce. Ta mayar har inda ya ce, "Asama'u," daga nan sai ni, ina cewa mun ji saƙo.

A waje aka yi sallama. Abdullahi ne, ya ce motar Kano tana jiransa a tasha, in akwai saƙo a ba shi.

Malam ya ce, "Yaya..."

Baffa ya zare kaset ɗin. Ya riƙe shi a hannu, bai sa a aljihu ba, bai miƙa ba. Duk Kwarbai ta riga ta ji hukuncinsa, mutum uku na zaune a zaure suna jiran su ga ya fito. Ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba, kamar yana so in ce wani abu.

Abdullahi ya sake sallama.

Ni kuwa kunyar abin da na faɗa ta riƙe mini harshe. Na sunkuyar da kai. Na ji Baffa ya miƙe da ƙyar, na ji takunsa mai ɗingishi ya nufi zaure, na ji ya ce, "Ga shi, samari. Ka ba shi hannu da hannu."